Shekarar da Na Jira Sabuwar Kamara

Ranar kasuwar Isa ce, hantsi ya ɗaga, ina ɗaure labulen hoto a jikin katangar shago, sai Sani direba, mai jigila tsakanin nan da Sakkwato, ya taka birki a gabana. Bai ko kashe mota ba, ya leƙo da kai ta taga.

"Baba Mai-Hoto, albishirinka!"

"Goro," na ce.

"Alhaji mai kayan hoto ya ce in hwaɗa maka ta iso. Sabuwar. Ya ce ka taho da kanka, kak ka aiko kowa."

Ya ja motarsa yana dariya, a ganinsa ya kawo mini abin farin ciki. Ni kuwa igiyar labulen ta suɓuce daga hannuna. Gabana ya faɗi kamar an aiko mini da rasuwa. Na waiga cikin shago. Yayanku Magaji yana zaune yana goge gilashin kamara da ƙyalle, kansa a sunkuye. Ban san ko ya ji ba. Na tsaya ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ƙarar injin ta rufe maganar.

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa a gidan nan. Bayan rasuwar innarku na ji Murtala yana gaya wa matarsa, ba da mugun nufi ba, cewa son sabon yayi ne ya sa Baba ya yi ta jiran wata kamara har yayanmu ya tafi ba a ɗauke shi hoto ba. Ban tanka ba a lokacin. Kuna ƙanana a shekarar, abin da idonku ya gani ke nan. Amma mu biyu ne muka san yadda aka yi, ɗaya ta riga ta tafi, ni ma ƙafa ta fara nauyi. Shi ya sa za ni rubuta muku shi yadda ya faru.

Kamarar aiki irin tamu kashi biyu ce. Akwai gilashi, wato idon, akwai kuma gangar jiki da ake ɗaura shi a kai. Gilashi ba ya tsufa in an kula da shi. Jikin ne yake gajiya, shi ake sakewa. Tawa ta farko mai katin ajiye hoto, wadda na saya bayan na bar ta fim, ta sha wahala a bayan babur, daga Kamarawa zuwa Tsamaye, daga Tsamaye zuwa Sabon Birni, biki da suna da saukar karatu. A shekarar da nake ba ku labari ta fara ciwo. Sai ta riƙa zana wani siririn layi baƙi a kan kowane hoto, daga sama har ƙasa, kuma in rana ta yi zafi sai ta maƙale, ka danna ta ƙi. Wani dattijo a Kamarawa ya karɓi hotonsa, ya duba layin ya ratsa masa kunci, ya ce da ni:

"Malam Idi, ai mu Gobirawa muna da tsagarmu tun ta haihuwa. Wa ya ce ka ƙara muna wata?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga ranar mutane suka sa mata suna Mai Tsaga.

Dariya ta yi ƙaranci a shekarar. Fari ne karo na biyu a jere. Damunar bara ta ɗauke tun gero yana bununi, abin da aka samu bai kai rabin rumbu ba. Gulbi ya zama rairayi, Fulani suka kora shanu kudu tun kafin lokaci, waɗanda suka rage ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. A da samari suna tafiya ci-rani bayan kaka, su dawo da ruwan farko. A wannan shekara kuwa lokacin da ya kamata su dawo ne wasu suke ɗaura kaya. Kuma duk wanda zai tafi sai ya biyo ta shagona ya tsaya a gaban labule, a ɗauke shi, ya bar hoton a gida. Ba don ado ba. Kowa ya san dalili, ba a dai faɗa: in an daina jin ɗuriyar mutum, a sami abin nunawa a tasha. Mata suka fara kiransa hoton bankwana. Ina ɗaukar su ina cewa su ɗaga haɓa, su saki fuska, alhali na san iyayen kowannensu.

Magaji ɗan fari ne. Sunan mahaifina aka sa masa, shi ya sa ba ku taɓa jin mun kira sunansa na yanka ba. Ku da kuka tashi a wannan zamani kuna ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna yi musu wasa a gaban kowa, ban ce laifi ba ne. Mu ba haka muka tarar ba. Innarku ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana mai taushi ba. In za ta ambace shi a wurina sai ta ce "mutumin naka". Ni kuma, duk da muna wuni tare a shago, zancenmu bai wuce batir da kati da man babur. Wannan kunya ita ce tarbiyyarmu, kuma ba ƙiyayya ba ce. Amma ita ce ta ɗaure mini baki ranar da ya durƙusa a ƙofar shago ya ce:

"Baba, su Lawali na unguwarmu za su hau Arewa. An ce akwai aikin gini can gaba da Agadas. Za ni bi su."

Na san hanyar da ake nufi. Na san ana shiga sahara a bayan babbar mota, mutum a kan mutum, kowa da jarkar ruwansa. Na kuma san gaskiya ya faɗa, don bakin da ke cin tuwo a gidan ya fi abin da ke cikin rumbu. Ba ni da hujjar hana shi. Kuma uba ba ya buɗe baki ya ce wa ɗan farinsa, ina jin tsoro, zauna kusa da ni. Kalmomin ba su cikin bakina, ba a koya mini su ba. Sai na kama abin da ke hannuna.

"Ba ka tahiya ba hoto," na ce. "Kuma ba ni ɗaukar ka da wagga Mai Tsaga. Bari sabuwa ta iso."

Akwai al'ada da na gada wurin maigidana wanda ya koya mini sana'a: ba a buɗe sabuwar kamara da fuskar baƙo. Hoton farko na wani ne daga cikin gidanka. Magaji ya san da wannan, kuma tun da aka fara zancen sake jiki na ce masa na farko nasa ne. A lokacin Alhajin da muke sayen kaya wurinsa a Sakkwato yana da jiki guda a shago, wanda ya ɗan fi tawa, ya kuma ce akwai sabuwar fita a hanya, mai ɗauka ko a cikin ɗaki mai duhu. Magaji yana ganin a ɗauki wadda ke ƙasa a ci gaba da aiki. Ni na ce a jira ta hanya. Ya ce to. Su Lawali suka tafi ba shi.

Da na koma gida na gaya wa innarku. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Wagga sabuwar, yaushe za ta taho?"

"Ba a sani ba. Daga nesa ake kawo ta, cikin jirgin ruwa."

Ta daɗe tana buga rariya kafin ta ce, "Allah shi sa jirgin shi yi nawa."

Iyakar abin da muka faɗa wa juna ke nan, amma daga ranar mun zama mu biyu a kan magana ɗaya.

To kun ga abin da ya sa saƙon Sani ya kaɗa ni. Jirgin bai yi nawa ba. Kashegari na ce wa Magaji za ni Sakkwato sayo takardar wankin hoto, ya tsare shago. Da na isa, Alhaji ya fito da ita daga kwali ya ɗora mini a hannu. Ba za ni ɓoye muku ba, na so ta. Ta zauna a tafin hannuna kamar an auna. Na ɗaura gilashina a jikinta na leƙa, na ga fuskar Alhaji tas, ba layi, ba dishi-dishi. Yatsana ya je kan madanni da kansa, na janye shi. Na tsaya ina tunanin cewa in na shiga Isa da kwalin nan, da la'asar za a ɗauki hoton farko, da safe kuma a ɗaura kaya.

"Alhaji, bayan wagga akwai wata?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Kullum akwai wata, Malam Idi. Masu ƙera abin ga ba su barci. Kana biyan wagga, suna can suna haɗa ƙanwarta."

"Yaushe ƙanwar za ta iso?"

"Wataƙila bayan Layya. Wataƙila baɗi. Mi ya same ka? Kai ka dame ni da aike wata da watanni."

"Za ni jira ta."

Ya daina dariya. Ya ce in duba da kyau, tawa tana gab da mutuwa, kuma aikin hoto yanzu ne, duk samarin Gobir suna neman a ɗauke su. Ya ce wanda yake jiran ta ƙarshe ba zai taɓa saye ba. Duk na yarda da shi. Na kwance gilashina na mayar cikin jaka, na yi masa godiya. A mota ina dawowa ina duban sama ta taga. Lissafina ɗaya ne: in ruwa ya sauka ya zauna, akwai gona, akwai noma, zancen tafiya zai mutu da kansa. Ba kamara nake jira ba, ruwa nake jira. Na gaya wa Magaji cewa an ce wadda ta fi ta tana tafe, ba hikima ba ne a sayi abin da za a raina gobe. Ya ce, "Haka ne, Baba."

Ruwa ya sauka sau ɗaya, mai kyau. Gari ya fita da sungumi, aka yi shuka, ta tsiro kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Hadari yakan haɗu ta gabas da yamma, baƙi ƙirin, mu fito muna dubansa, sai iska ta taso ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, aka dawo rana tana dukan ƙeya. Shukar ta kwanta, ta bushe, har akuya ta daina kula ta. Abin da na tanada don kamara ya riƙa komawa gero a kasuwa, kaɗan-kaɗan, har ya ƙare. Innarku ta fara jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an wanke su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Saratu, ke kina iya tunawa, don kin yi kuka kin ce tuwon yana cizon harshe. A kwanakin ne Magaji ya fara cewa ya ci a shago, a ba yara nasa. Ni ina shagon, na san bai ci komai ba. Ina kwana ina tashi da tsoro iri biyu, na ya tafi da na ya zauna, ban san wanda ya fi girma ba.

Wata ranar kasuwa muka je Tsamaye. Samari sun yi layi a gaban labule, kowa da rigarsa ta Sallah. Na ɗauki na farko, na ɗauki na biyu, rana ta take, Mai Tsaga ta maƙale. Na cire batir na mayar, na kai ta inuwa, na yi mata fifita da hulata. Ta ƙi. Suka jira har suka gaji, suka ce za su nemi mai hoton Sabon Birni. Muka naɗe labule. A hanyar dawowa Magaji ne ke tuƙi, ina bayansa. Ina ganin da gangan ya bar maganar sai a kan babur, inda ba mai duban fuskar wani.

"Baba."

"Na'am."

"Na ji Sani ranar nan. Da kunnena na ji shi."

Babur yana ta tsalle a cikin rairayi.

"Ban ga laihinka ba," ya ce. "Amma su Saratu suna ramewa. Akwai wasu mutanen Burkusuma da za su tashi jibi."

Na so in ce wani abu. Na ɗora hannuna a kafaɗarsa kamar don kada in faɗi, na bar shi a nan har muka shiga Isa. Ban taɓa riƙe shi haka ba tun yana jariri.

Ranar tafiyar, da muka dawo daga sallar asuba, na ɗauko Mai Tsaga. Da sanyin safiya takan yi aiki. Na ɗaura labule a tsakar gida, na ce masa ya tsaya, layi ko ba layi. Ya ajiye jakarsa ya tsaya. Na ɗaga kamara, na same shi a cikin gilashi: dogo, ya rame, gemu ya fara fito masa, yana ƙoƙarin kada ya yi murmushi. Sai innarku ta fito daga ɗaki. Ba shi ta duba ba, ni ta duba, ta ce:

"Malam, kak ka yi mashi hoton bankwana cikin gidana."

Na tsaya da kamara a fuska. Magaji ya dubi ƙasa, sannan ya dube ni ta cikin gilashin.

"Baba, kai ka ce ba da Mai Tsaga ba. Aje mani na hwarkon. In na bar abu nan, dole in dawo in amsa."

Na sauke hannuna. Na ga innarku ta saki numfashi, ni ma a lokacin sai na ji kamar an sauke mini kaya, kamar in ba a ɗauki hoton ba to ba bankwana aka yi ba. Ta ba Saratu ƙullin ƙuli-ƙuli ta ce ta kai wa yayanta, ita kuma ta koma bayan zana. Ina ganin idonta ta tsakanin karan har babur ɗin da ya ɗauke shi ya sha kwana. Da hantsi na gwada kamarar a kan bangon gida, ta ɗauka lafiya lau.

Ya kira daga Maraɗi ta wayar wani mai shago. Ya sake kira daga Agadas, ya ce lafiya lau, gobe za su shiga mota, a gaida mutanen gida. Daga nan shiru. Muka ce babu waya a can. Muka ce aiki ne ya yi yawa. Damuna ta zagayo, wannan karon ruwa ya zauna, gero ya yi kyau, na tsaya a gona ina dubansa ban ji daɗin komai ba. Bayan kaka su Lawali suka dawo, dukansu, ba wanda ya ɓace. Sun ce ba su haɗu da shi ba, ba su ma san ya taso ba. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, kuma ba za ni rufe muku ita ba: da ya bi su tun farko, da yana cikin mutanen da suka san shi, suka san gidansu. Jiran da na sa shi ne ya haɗa shi da baƙi. Na je Burkusuma, aka ce waɗanda ya bi ba 'yan garin ba ne, a nan dai suka taru.

Sai na bi sawunsa har Agadas. Kafin in tashi na juye akwatunan shago duka. Fuskokin samarin ƙasar nan suna nan cike da kwali, na Magaji babu. Kullum yana bayan kamara ko yana riƙe da labule. Na sha gwada haske a kan fuskarsa kafin mu fara aiki, amma kati ƙarami ne, da zarar na ga ya yi sai in goge don a sami wuri. Abin da na samu shi ne hoton da na yi masa da ta fim ranar da ya gama firamare. Da shi na tafi.

A Agadas, a ofishin jandarma, 'yan sandan can, wani ya karɓe ni da mutunci, yana jin Hausa. Ya tambayi suna da gari, sannan ya ce:

"Kana da hotonshi, Baba?"

Na miƙa masa. Ya duba, ya dube ni.

"Wannan ai yaro ne. Ba ka ce saurayi ba?"

"Shi ne. Ya girma."

"Babu na kwanan nan? Mece ce sana'arka?"

"Mai hoto ne ni," na ce.

Ya mayar mini da hoton da hannu biyu. Na yi kwanaki ina zagaya tasha, ina bin direbobi da masu sayar da jarkoki da masu abinci. Ina nuna musu yaro da rigar makaranta, ina ƙarasa sauran da baki: dogo ne, yana da wushirya, akwai tabo a girarsa ta hagu. Wata mai abinci ta saurare ni har na gama, ta ce, "Baba, rabin masu wucewa ta nan haka suke." Ta zuba mini shinkafa ta ƙi karɓar komai.

Da na dawo ban sauka Isa ba, na wuce Sakkwato. Ƙanwar da na ce ina jira ta iso tuni, har ana zancen wata. Na ce wa Alhaji ya ba ni wadda ke ƙasa. Labari ya riga ya kai masa, bai yi mini wasa ba, ya ɗaure kwalin da kansa ya raka ni bakin titi. Na kawo ta gida, innarku ta buɗe akwatinta na aure ta sa ta a ƙarƙashin zannuwa. Na kai Mai Tsaga aka yi mata ɗan gyara, na ci gaba da lallaɓa ta da safe da yamma, wani lokaci in ari ta abokin sana'a, har waya mai hoto ta shiga hannun kowa, na rufe shago. Lokaci-lokaci nakan ciro batirin sabuwar in sa masa wuta in mayar. Innarku ba ta taɓa tambayata labarin mutumin nawa ba a duk shekarun nan. Amma a ciwonta na ƙarshe, ranar da ta daina cin abinci, ta kira ni kusa ta ce:

"Malam, batirin nan, ka sa mashi wuta?"

Na ce na sa. Ta rufe ido.

Murtala, ka taɓa cewa a sayar da ita tun tana da daraja. Yanzu ba mai saye, an yi ƙannenta da yawa, na sani. Tana nan cikin akwatin innarku, gilashin yana gefenta a cikin safa. In Allah ya ɗauke ni kafin a ji wani abu, kada ku buɗe ta da fuskar baƙo. Hoton farko na yayanku ne, kuma ban ɗauka ba tukuna.